Kura a Turke: Tsokaci a Kan Sha'awar Kiwon Namun Daji a Gida

Gabatarwa

Tun fil azal Bahaushe ya kasa dabbobi kashi biyu, ya ce akwai na gida akwai na daji, kuma bai yi wannan rabo da ka ba. Akuya da tunkiya da jaki da doki da kaza ya jawo su jikinsa, ya yi musu turke da garke da akurki. Zaki da kura da damisa da ɓauna kuwa ya kira su namun daji, ya bar su inda ya same su, in ban da ranar farauta. Amma duk da wannan iyaka da ya shata da hannunsa, zuciyarsa ba ta daina leƙen abin da ke ƙetaren iyakar ba. Yaro yana burin ya sami ɗan biri ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Attajiri yana so baƙonsa ya tarar da barewa da gauraka suna kai da kawowa a farfajiyar gidansa. A zamanin nan kuma matasa suna kallon hotunan 'ya'yan masu kuɗi na wasu ƙasashe a intanet, rungume da ɗan zaki a cikin mota, suna cewa ina ma su ne.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: idan mutum yana son wata halitta so na gaskiya, shin wannan so ya ba shi ikon ya raba ta da muhallinta, ya ajiye ta a gidansa? Ga alama batun dabba ake yi, amma wanda ya bi tambayar a hankali zai ga halin ɗan Adam take tonawa, domin yadda mutum ya ɗauki abin da ba ya iya kai ƙararsa, shi ke nuna ainihin adalcinsa.

Tsakanin Birni da Daji

Yangoji gari ne a ƙaramar hukumar Kwali, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lakwaja. Wuri ne da ya dace a tsaya a yi irin wannan tunani, domin yana zaune ne a tsakanin duniya biyu. A gefe guda ga birnin da aka yanke shawarar ginawa a 1976, gwamnati ta tare a cikinsa a 1991, wanda tun daga lokacin yake ta cin daji yana mai da shi unguwanni. A ɗaya gefen kuma ga gonakin doya da dawa da masara, da ɗan abin da ya rage na kurmi da duwatsu. Masu bin manyan hanyoyi irin wannan sun saba ganin mafarauci ko yaro a bakin titi ya ɗaga abin da ya kamo, wani matacce domin tukunya, wani kuwa da ransa domin mai sha'awar kiwo, ko ɗan biri, ko kunkuru, ko tsuntsu a cikin keji. Mota ta tsaya, a yi tayi, a sallama, kafin ƙiftawar ido an canza wa wata halitta rayuwa har abada.

Abin lura a nan shi ne, manomin da ke maƙwabtaka da birai ba ya mafarkin kiwonsu, domin ya san aikinsu a gonar masara. Mai wannan mafarki shi ne na cikin motar, wanda ya baro gida mai katanga da ƙyaure na ƙarfe. Wato dai gwargwadon yadda daji ke nisa da mutum, gwargwadon yadda kwaɗayinsa ke ƙaruwa a zuciyarsa, har ya so ya yanki wani ɓangare nasa ya kai gida.

A bayan garin Abuja ɗin nan ne kuma, a 2005, wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya riski wata ƙungiyar gardawa Hausawa masu yawo da kuraye da bika da mesa, suna wasa suna sayar da magani. Ya bi su ya ɗauki hotunansu, ya tara su a littafin da ya fito a 2007, duniya ta yi ta al'ajabin ganin ƙaton mutum riƙe da sarƙa, kura da takunkumi tana tsaye a gefensa kamar karen gida. Ga Bahaushe kuwa babu sabon abu a ciki, domin wasan kura tsohuwar sana'a ce da ake gado, kuma tun kafin a ƙera na'urar ɗaukar hoto ya riga ya yanke wa lamarin hukunci da karin maganar nan da ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Al'ummar da ta tsaya tana kallon wasan tana tafi, ita ce kuma ta ƙago wannan magana, ke nan lamirinta bai yi barci ba.

Me Ke Jawo Wannan Sha'awa?

Dalili na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne nuna isa. Ibn Khaldun ya ba da labarin cewa a 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyauta, a cikinta har da raƙumin dawa, jama'ar birnin suka yi cincirindo domin kallonsa. Tarihin Kano ya danganta figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yau kuma suna cikin kayan sarautar Kano. Idan aka saurari kirarin sarakuna za a ji ana ce musu zaki, da giwa, da ɓauna, da damisa. To, wanda ake kira zaki da baki, in ya sami hali ya ɗaure zakin gaske a bayan gidansa, ai ya fassara kirarin a aikace. Saƙon da yake aikawa shi ne, abin da kowa ke gudu ni ina ciyar da shi. Wannan hali bai tsaya ga sarakunan da ba. Shahararren dillalin hodar iblis na ƙasar Kolombiya, Pablo Escobar, ya tara namun daji a gandunsa domin irin wannan taƙama.

Dalili na biyu shi ne kyau. Wanda ya taɓa ganin gauraka ya buɗe fuka-fukansa yana rausaya, da tukkun nan nasa mai ruwan zinariya, ba zai zargi mai son ya riƙa ganinsa kullum safiya ba. Haka dawisu, haka aku mai jar wutsiya, haka kanarin da tela ke ratayewa a ƙofar shagonsa yana ɗebe masa kewa.

Dalili na uku shi ne tausayi. Mutum ya ga ɗan biri yana rawar ɗari a hannun yaro, ya ce bari in saye shi in cece shi. Wannan shi ne mafi tsarkin dalilai a zuciya, amma kamar yadda za a gani nan gaba, sau da yawa shi ne mafi ɓarna a kasuwa.

Dalili na huɗu shi ne baƙunta, kuma shi ne ya fi tona asirin sauran. Gafiya, wadda Bahaushe ke haƙa raminta ya bi ta da sanda, an yi ta ɗaukarta a jirgin sama ana kai ta Amurka domin masu sha'awar kiwo. Bushiyar da yaranmu ke mirginawa da ƙafa a bayan gari ta zama 'yar lele a ɗakunan Turawa. Damo da ƙananan mesa ana fitar da su dubbai daga Gana da Togo da Binin zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Mu kuma muna kwaɗayin abin da yake nasu ko na Asiya. Wannan ya nuna cewa galibi abin da ake so shi ne a mallaki abin da maƙwabci ba shi da shi, ita kuwa dabbar wata alama ce kawai da aka rataya wa wannan buri.

Bambancin Sabo da Zama na Gida

Kafin a yanke hukunci, tilas a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai dabbar da ta saba da mutum, akwai kuma dabbar gida. Sabo abu ne da ke faruwa ga dabba guda a tsawon rayuwarta, kuma yana mutuwa tare da ita. Zama na gida kuwa canji ne da ya shiga jinin jinsi gaba ɗaya, bayan an yi zuriya bayan zuriya ana zaɓen masu sauƙin hali ana barinsu su hayayyafa. Kare ya shiga hannun mutum fiye da shekara 15,000 da suka wuce, akuya da tunkiya kuwa kimanin shekara 10,000. A 1959 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Belyaev, ya fara gwaji a Saiberiya da wani nau'in dila na ƙasashen sanyi, yana zaɓen waɗanda ba su cika tsoron mutum ba yana haɗa su. Sai da aka yi zuriya da dama kafin a sami masu kaɗa wutsiya in sun ga mutum. Abin da ya ci wa masana shekaru suna aiki da ɗaruruwan dabbobi, shi ne mai gida ke zaton zai samu da kwanon madara da shafa kai.

Ba ma sai an je Rasha ba. Zabo ya daɗe a gidan Bahaushe, amma har gobe zabuwa daji take zuwa ta yi ƙwai, ta kwana a kan bishiya. Jaki ya karɓi mangala tun dubban shekaru, ɗan'uwansa jakin dawa kuwa duk ƙoƙarin da aka yi bai zama na gida ba. Da Bahaushe ya ce damisa ƙi sabo, ilimi ne ya dunƙule a cikin kalmomi uku.

Wanda ya manta da wannan bambanci yakan biya da tsada. A watan Fabrairu na 2024, a gidan namun daji na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, zaki ya kashe ma'aikacin da ya yi kimanin shekara tara yana kula da shi tun yana jariri. Mutumin ƙwararre ne, kuma babu mai shakkar ƙaunarsa ga dabbobin. Zakin bai ci amana ba, domin bai taɓa ɗaukar alkawari ba. Zakinsa ya yi, aka kuma kashe shi a kan haka. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma a irin wannan zama ba a san wanda turken ya fi riƙewa ba, mai kiwon ko abin kiwon.

Wa Ke Biyan Kuɗin Sha'awar?

Mai saye yana ganin kuɗin da ya miƙa a bakin hanya shi ne farashi, alhali akwai wasu masu biya da ba a shawarce su ba. Na farko ita ce dabbar kanta. Kura mai dabbare-dabbare a daji tana rayuwa ne a cikin dangi da kan kai gommai, mata ke shugabanci, kowace ta san matsayinta, suna kiran juna da dare daga nesa, suna cin tafiya mai tsawo wajen farauta. In aka ɗaure ta a turke aka sa mata takunkumi, ko da ana ba ta naman da ya ishe ta, an raba ta da duk abin da ya sa ta zama kura, sai wari da haƙora. Aku tsuntsu ne mai kaifin basira da ke tashi cikin garke, yana iya yin shekara 40 ko fiye a raye. In aka kulle shi shi kaɗai yakan shiga fige gashin jikinsa da bakinsa saboda ƙunci. Maganar da yake kwaikwayo, wadda ke ba mu dariya, ƙoƙari ne na halittar da ta rasa 'yan'uwanta ta sami wanda zai amsa mata. Giwa a garin wani zomo ce, balle aku a kejin wani.

Na biyu shi ne jinsin dabbar. Uwar biri ba ta miƙa ɗanta da hannu, saboda haka ɗan birin da ke hannun yaro a bakin titi galibi maraya ne da aka harbe uwarsa. Wanda ya saye shi don tausayi ya sanar da mafarauci cewa akwai kasuwa, gobe sai a harbe wata uwar. Bincike ya nuna cewa ƙasar Gana ta yi asarar kashi 90 cikin 100 ko fiye na akunta tun daga 1992, saboda kamu da saran itatuwa. Wannan na cikin abin da ya sa a 2016, a taron Johannasbag, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES ta 1973 suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Gauraka, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya, a da yana yawo garke-garke a fadamun Arewa, yanzu ya kusa ƙarewa a dazukanmu, kuma kama shi domin ƙawata gidajen masu hali yana cikin manyan dalilai. Nijeriya ta kafa dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016, amma doka a takarda ba ta hana motar da ta tsaya a bakin hanya.

Na uku su ne maƙwabta, na kusa da na nesa. A 2003 aka kai wasu ƙananan dabbobi daga Gana zuwa Amurka, a cikinsu har da gafiya, suka shafa wa wasu dabbobin kiwo cutar ƙyandar biri, daga nan ta kama mutane fiye da 40 a jihohi shida. A watan Oktoba na 2011, a garin Zanesville na jihar Ohayo, wani mai tara namun daji ya buɗe kejinansa ya saki kusan 50, sannan ya kashe kansa, 'yan sanda suka harbe mafi yawansu, ciki har da zakuna 17 da manyan damisoshin Indiya 18. Sai a 2022 Amurka ta kafa dokar tarayya da ta hana mutane sabon mallakar irin waɗannan manyan dabbobi a gida. Escobar kuwa an kashe shi a 1993, amma dorina huɗun da ya bari sun hayayyafa sun haura 100 a kogin Magdalena, sun zame wa Kolombiya alaƙaƙai. Sha'awa ta mutum ɗaya ce, wahalarta kuwa gado ce ga jama'a.

Hujjojin Masu Kiwo

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Hujja ta farko ita ce, daji ba aljanna ba ne. Akwai yunwa da fari da cuta da tarko, kuma dabbar da ke hannun mai kula da ita takan fi ta daji tsawon rai. Wannan gaskiya ne a wasu lokuta. Sai dai tsawon kwana ba shi kaɗai ne ma'aunin kyawun rayuwa ba. Da shi ne, da ɗan sarƙar da ake ba tuwo sau uku ya fi manomin da ke fama da damina jin daɗi, kuma babu mai hankalin da zai yarda a musanya masa. Kowace halitta tana da abin da aka gina ta a kansa, na barewa gudu, na shaho tashi, na gafiya haƙa, kuma hana ta wannan cuta ce ko da cikinta a cike yake.

Hujja ta biyu ita ce, mutanen da ke yanka rago su ci kaza, ina bakinsu na yi wa mai kiwon biri wa'azi? Amsa ita ce, tsakanin mutum da dabbar gida akwai wani tsohon zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Tunkiya ba ta iya rayuwa a daji ba makiyayi, gida shi ne muhallinta, kuma mutum yana ɗauke da nauyin ci da sha da tsaronta. Ana iya tuhumar yadda yake sauke wannan nauyi, kuma ya kamata a tuhuma. Amma naman daji ba ya bukatar mutum da komai illa ya ƙyale shi, kuma ɗauko shi ba yunwa yake kashewa ba, marmari kawai yake biya.

Hujja ta uku ta addini ce. Malamai sun kafa hujja da labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har ya tambaye shi labarinsa bayan ya mutu, suka ce ya halatta a ajiye tsuntsu muddin za a ci da shi a shayar da shi. Haka ne, amma a cikin ingantattun hadisai akwai kuma labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Akwai kuma labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana shawagi cikin firgici, aka umarce su su mayar mata. In aka haɗa waɗannan wuri guda, za a ga izinin yana tafe da sharaɗi, wato iya biyan haƙƙin abin da aka tsare. Haƙƙin kanari ana iya kusantar biyansa. Haƙƙin zaki ko kura ko gauraka kuwa, wane mai gida ne zai ce ya iya?

Hujja ta huɗu ita ce ta gardi, wanda zai ce wannan sana'ar uba da kaka ce, da ita yake ciyar da iyali. Lalle shi ya fi attajiri uzuri, domin shi abinci yake nema, kuma yana kwana yana tashi da dabbarsa, ya san halinta fiye da mai digiri. Amma uzurin mutum ba ya rage nauyin sarƙa a wuyan kura. Abin da ya kamaci al'umma shi ne ta nemi yadda wannan sani na gardawa zai yi amfani a gandun daji da gidajen namun daji, maimakon ta la'ance su da baki tana jefa musu kuɗi da hannu.

Abin da Adabi Ya Hango

Ɗalibin adabi zai lura cewa magabata sun riga mu wannan tunani. A ƙarni na 10, a birnin Basra, wasu masana da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta wata doguwar ƙissa inda dabbobi suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljannu, suna ƙalubalantar iƙirarin mutum na cewa su bayinsa ne. Duk hujjar da mutum ya kawo, ta kyawun sura ko ta wayo ko ta sana'a, sai dabbobi su rushe ta, har sai da aka zo kan cewa a cikin mutane akwai salihan bayi masu kyawawan halaye. Ma'ana, fifikon mutum a halinsa yake, kuma wanda ya yi zalunci ya zubar da hujjar fifikon da kansa. Can a Ingila ma, a 1789, Jeremy Bentham ya yi nuni da cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin azaba, ba ko tana iya magana ko lissafi ba.

A namu adabin, Abubakar Imam ya ɗora Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, a kan bakin aku. Akun fada ne, kuma aikinsa shi ne ya yi ta ba ɗan sarki labarai domin ya hana shi fita. Akwai abin tunani a nan: tsuntsun da aka raba da dajinsa shi ne aka sa ya tsare ɗan mutum a cikin gida, kuma bai sami daraja ba sai da ya yi magana irin ta mutane, har ya kai ga sarautar waziri. Haka muke yi wa naman dajin da muka ajiye, muna sonsa gwargwadon yadda ya daina zama kansa ya koma kwaikwayonmu. A tatsuniya kuwa, inda Gizo da kura da zaki da dila ke da garinsu da sarkinsu da shari'arsu, kakanninmu sun koya wa yara cewa daji wata al'umma ce mai zaman kanta, wadda ake shiga da sallama.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, a cikinsu akwai amana da hankali da adalci. Duk wanda ya ɗauko rai ya kulle, ya ɗauki amana. Hankali shi ne kada mutum ya karɓi amanar da ya san ba zai iya riƙewa ba. Adalci kuwa shi ne kada jin daɗinsa na sa'a guda da yamma ya zama ɗaurin rai da rai ga wani.

Kusanci Ba Tare da Mallaka Ba

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa sha'awar namun daji aibi ce. Sha'awa ce mai kyau, kuma wanda zuciyarsa ba ta motsi in ya ga barewa ta yi tsalle, akwai abin da ya mutu a cikinsa. Abin da ake tuhuma shi ne tsallen da zuciya ke yi daga "ina so" zuwa "sai na mallaka". Akwai kuwa hanyoyin da mutane suka bi suka kusanci daji ba tare da sarƙa ba.

A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har sun koma kimanin 50 a 1996. Aka hana farautarsu, manoma suka haƙura da zama da su a cikin gonakinsu, masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa kallo, har adadinsu ya haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka mayar gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Sarkin Kanem ya aika da raƙumin dawa guda ya burge birni guda, talakawan Kure kuwa sun bar wa duniya jinsi sukutum. A birnin Harar na ƙasar Habasha kuma akwai masu ciyar da kuraye da dare a bayan ganuwa. Kurayen suna zuwa da ƙafarsu, su karɓi nama, su koma inda suka fito. Ko da wannan al'ada tana da nata abin dubawa, ta nuna cewa ana iya sabawa da kura ba tare da takunkumi ba.

Misali mafi kusa kuwa yana nan ƙasar Kwali. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta shahara da zanen ƙadangare da kada da kunama da hawainiya da kifi da tsuntsaye a jikin randunanta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Ta kalli waɗannan halittu da idon basira har ta san lanƙwasar jikin kowace, ta kai su manyan biranen duniya a kan yumɓu, su kuwa suna nan a bakin rafinsu. Abin da mai zane da mawaƙi da marubuci ke yi ke nan, kuma shi ya sa wannan batu ya shafi masu nazarin adabi kai tsaye.

Kammalawa

An ga cewa sha'awar ajiye naman daji tana tasowa daga neman isa, ko son kyau, ko tausayi, ko kwaɗayin baƙon abu, kuma an ga cewa sabo ba ya mai da na daji na gida. An kuma ga cewa dabbar da jinsinta da maƙwabta su ke biyan abin da mai kiwo bai lissafa ba. Bisa ga haka, amsar tambayar da aka faro da ita ita ce, so shi kaɗai ba ya halatta mallaka. In akwai inda tsarewa ta zama dole, kamar dabbar da ta ji rauni ko jinsin da ake ƙoƙarin ceto, wannan aikin masana ne da hukuma, kuma manufarsa amfanin dabbar. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla, gobe a cikinsu za a sami masu gidaje da manyan farfajiyoyi, da masu riƙe da alƙalamin ba da izini, da masu motar da za a ɗaga wa ɗan biri a bakin hanya. Ranar da hakan ta faru, mutum ya tambayi kansa ko zai iya ba wannan halitta abin da daji ke ba ta. In ya san ba zai iya ba, to ya bar kuɗinsa a aljihu, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma jikokinmu ma suna da haƙƙin su ji kukan gauraka a fadama.